Yadda ake ƙara wa injin tsohuwar Camaro ƙarfi a zafin Garwa

Wani alhaji ya kawo mana Chevrolet Camaro ta 1969 gareji, daga Duwala aka ɗoro ta a babbar mota, injin V8 350 ne wato lita 5.7, yace shi dai so yake in ya taka ta amsa. To ga yadda muke bi da irin wannan inji.

Kafin ka sayi komai auna matsin silinda tukuna. Cire buji duka takwas ka bi su ɗaya bayan ɗaya da ma'auni, in wata ta gaza sauran da fiye da kashi 10 cikin ɗari to sigma (zoben piston) ko sufaf (bawul) sun gaji, nan za ka fara. Ka kuma nemi sifana ta inci, 1/2 da 9/16, don namu na milimita cinye kan noti suke.

Sai sanyi, kuma wallahi nan mutanenmu suke sakaci. Maris da Afrilu zafi yana wuce 40 a nan, inji mai ƙarin ƙarfi kuma ƙarin zafi yake haifarwa, don haka sa babban radiyato na alminiyom da fanka mai murfi a kewaye yadda iska za ta ratsa ta cikinsa. Na taɓa ganin kulas, wato kan inji, ya lanƙwashe tun motar ba ta kai Pitoa da ke nan kusa da Garwa ba, abin ya dame ni sosai.

Wuta kuma, cire tsohon delko (mai raba wa buji wuta) mai filatin ka sa HEI, wato delko na lantarki marar filatin, wanda GM ta koma sa wa motocinta wajen 1975. Jerin wayoyin buji 1-8-4-3-6-5-7-2 ne, rubuta a kwali ka ajiye kusa.

Karbirato ne inda samari suke zarmewa, kowa mai CFM 750 yake so, wato ma'aunin yawan iskar da take ja a minti ɗaya. Yi lissafi mana, girman inji 350 sau juyinsa 5500 a minti raba da 3456 bai kai CFM 560 ba, kenan Holley ko Edelbrock 600 mai maƙogwaro huɗu ta ishe ka har da saura, babbar kuwa shan mai kawai za ta yi motar tana sarƙewa in ka taka daga tsaye. Haɗa ta da manifol (bututun shigar iska da mai cikin inji) na alminiyom da salansa biyu, ka sa filtar iska mai kyau saboda ƙurar hunturu.

Ninkin matsin inji kar ya wuce 9 da ɗoriya bisa 1, kuma ka raba motar da zuwa-zuwa, wato fetur na bakin titi. In ka ji ƙaras-ƙaras lokacin hawa tudu rage mata abans, wato saurin ba da wuta, nan take, piston ne yake shan duka.

In har za ka canza kam, wato sandar da ke buɗe sufaf, zuba mai mai sinadarin zink, tana tashi ka riƙe ta a juyi 2000 zuwa 2500 a minti har tsawon minti 20 ba saki, idonka na kan allurar zafi, bayan nan ka juye man ka canza filta.