Yadda ake wanke intalok ba tare da an tura dattin cikin kwata ba

Duk yaron da ya zo neman aiki wurina abin da yake fara kai wa hannu shi ne injin feshi, shi a tunaninsa wankin intalok kawai ka kunna inji ka yi ta fesawa har ruwan ya bi ta ƙarƙashin get ya fita titi shi ke nan an gama. Ni kuwa tsintsiya nake fara miƙa masa. Rabin aikin nan a bushe ake yinsa, in ka fara da ruwa to ganye da leda da yashi da baƙin mai duk sun cakuɗe sun zama taɓo ɗaya wanda ba shi da amfani ga kowa, kuma ƙarshensa kwatar unguwa zai toshe, damina na zuwa ruwa ya dawo gidan mutane.

Ka zo da buhu huɗu, tsofaffin buhunan shinkafa ma sun isa. Ɗaya na ganye, ɗaya na roba da leda, ɗaya na ƙarfe da gwangwani, na ƙarshe na abin da ba yadda za a yi da shi sai bola, irin su famfas da fasasshen gilashi. Yashin da tsintsiya ta taro kuma ka tara shi gefe guda, za mu dawo kansa.

Ganyen darbejiya da na mangwaro kar ka yarda a cinna masa wuta, ballantana in da leda a ciki, hayaƙin nan ba na shaƙa ba ne. In gidan da fili a baya a haƙa ɗan rami a zuba, a haɗa da kashin awaki ko na kaji, a riƙa yayyafa ruwa ana juyawa lokaci lokaci, cikin 'yan watanni ya zama taki mai kyau wanda mai gidan ma da kuɗi yake sayen irinsa don fulawoyinsa.

Robar ruwa da ta lemo kuwa kuɗi ce. 'Yan jari bola na saye a kilo, daga nan ta tafi wurin masu niƙa, kamfanonin roba irin na Sharada a Kano su narka su yi wasu kayan, ledar fiya wata ma ana saye in ta taru da yawa kuma a bushe take, shi ya sa nake ta nanata maganar kar ka jiƙa. Gwangwanin lemo na alminiyom ya fi su daraja, masu zubin tukwane suna nemansa. Amma fa ka tambaya kafin ka kwasa. Ni dai sai na ce "Hajiya, robobin nan a tafi da su ko akwai mai so?" don sau da yawa mai aikin gidan ko maigadi ne ke tarawa yana ɗan samun na sabulu, ka ga bai kamata ka zo rana ɗaya ka cire masa abinci a baki ba.

Inda aikin yake da wuya shi ne wurin da ake faka mota da gindin janareta. Tabon baƙin mai in ka sa masa injin feshi ba fita yake ba, yaɗuwa yake, ya bi ruwa ya shiga kwata. A nan Kano ruwan kwatocin cikin gari da yawa rafin Jakara yake gangarawa, kuma da ruwan Jakara akwai masu ban ruwan latas da alayyafo, wato man da ka kora yau zai iya dawo maka a faranti. Abin da nake yi, na je wurin 'yan katako na ɗebo garin katako, in babu toka ko busasshen yashi ma suna yi, na barbaɗa a kan tabon da kauri, na murza da takalmi, na bar shi na je na yi wani aikin, in na dawo ya tsotse sai na share. Bayan nan sai ɗan omo da ruwan zafi kaɗan da burushi mai tauri, kumfar kuma da tsumma ake ɗauke ta a matse a bokiti. Wannan garin katakon da ya sha mai kar ya shiga ramin taki, buhun bola zai tafi. In kuma ka tarar da ragowar baƙin mai a kwano ko galan bayan an yi sabis ɗin janareta, ka rufe shi ka kai wa bakanike, su suna tarawa.

Kafin ka kunna inji je ka duba rariyar da ruwa ke fita. Ka cika buhu biyu ko uku da yashi ka jera su a gabanta kamar rabin da'ira, ka shimfiɗa tsohon gidan sauro a bakin ramin, ruwa zai wuce a hankali, laka da tarkace su tsaya ka kwashe da shebur. Ƙaramin injin lantarki yana shan kamar lita 6 zuwa 8 a minti ɗaya, jarka mai lita 25 kamar minti uku zuwa huɗu take yi, in ka yi rabin awa kana feshi ka zubar da jarka bakwai ko fiye, wanda yake sayen ruwa wurin 'yan garuwa ya san abin da nake nufi. Don haka ka fara daga sama ka gangaro, kuma in ba ka sa wani sinadari ba, sai ka karkata ruwan ya bi gindin bishiyoyi.

Gansakukar damina ce kaɗai nake sa wa Hypo, wato bilic, shi ma a tsarma sosai, a wurin da take kawai, nesa da shuka. Asid kuwa na daina, yana cin fuskar intalok launin ya koɗe. Kuma don Allah kar ka taɓa haɗa Hypo da asid. Wani yarona ya taɓa yi a bokiti wai don ya fi ƙarfi, kafin na ce wani abu ya fara tari idonsa na zuba ruwa, sai da muka fitar da shi waje ya sha iska, iskar da ke tashi daga haɗin nan guba ce.

Sai yashin da muka ajiye. Shi ne ke riƙe intalok a tsakanin layukan, feshi kuma fitar da shi yake, musamman in ka sa bakin injin a tsaye kan layin, a karkace ake riƙewa. In wuri ya bushe sarai ka tankaɗe wanda ka tara da wanda ya tsaya a bakin rariya da ragar waya, ka watsa, ka bi da tsintsiya har ya cika ramukan, in bai isa ba a ƙaro. In ka bar su a buɗe bayan wata biyu intalok ya fara rawa ciyawa ta fito, kai kuma za a kira a ce ka ɓata aiki. Fasassun intalok da aka cire kar a zubar, suna yin ciko, ko a kewaye gindin bishiya da su.

Buhun bolan nan na ƙarshe a kai shi wurin zuba shara da REMASAB, hukumar kwashe shara ta Kano, ke kwashewa, ba kangon maƙwabta ba. Ni tun wurin ciniki nake sa kuɗin kwasar shara a ciki, na ce "Alhaji, da kuɗin mai kura a lissafin", don in ba ka faɗa da wuri ba daga aljihunka zai fita. In kuma aikin ya faɗo Asabar ɗin ƙarshen wata ka tuna ana tsaftar muhalli, ba a zirga-zirga sai ƙarfe 10, gara ka kai injin da buhunan gidan tun daren Juma'a.