Babi na Shida: Mai Ciki da Katin Awo

Darasi na 1: Watannin farko

Ki gyara zama, ki riƙe fensirinki. Wannan babi na mai juna biyu ne, amma wadda ta daina haihuwa ma ta karanta, ai tana da 'ya ko suruka.

Ciki yana ɗaukar mako 40, wato wata tara da 'yan kwanaki. Wata ukun farko na laulayi ne: tashin zuciya, amai, tofar da yawu, kasala, yawan fitsari. Wata ko ƙamshin miya ba ta son ji. Duk wannan ba cuta ba ce. Ki riƙa cin abinci kaɗan-kaɗan sau da yawa, kada ki zauna da yunwa. Amma idan ko ruwa ba ya zama a cikinki, sai asibiti.

A fara awo kafin ciki ya cika wata uku. Na san kunyar cikin fari, na san ana cewa a bari sai ya fito. Kada ki bari. Tun shekarar 2016 Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce mai ciki ta ga ma'aikatan lafiya aƙalla sau 8 kafin ta sauka. A da sau 4 ake cewa.

Darasi na 2: Kwanan watan da ke kan kati

Nan ne kowa ke tuntuɓe, saboda haka za mu tafi a hankali.

Ranar da kika fara zuwa za a tambaye ki yaushe kika ga al'adarki ta ƙarshe. Ranar da jinin ya fara zuwa ake nufi, ba ranar da kika yi wankan tsarki ba. Idan abin da kika riƙe shi ne kwana uku bayan ƙaramar Sallah, ki faɗa haka, malamar asibiti za ta duba kalanda. Za ta rubuta ranar kusa da haruffa uku, LMP. Daga nan ta ƙara kwana 7 da wata 9, ta rubuta kusa da EDD, wato ranar da ake sa ran haihuwa. Misali, 5 ga Janairu zai ba da 12 ga Oktoba. Sa rai ne kawai, kaɗan ne ke haihuwa a ranar daidai.

Sai ranar dawowa. Za ki ga lamba, sai ɗan layi a karkace, sai wata lamba, kamar haka: 4/3. Ki ɗora yatsa a kan lambar hagu, ɓangaren da muke fara karatun boko. Wannan ita ce rana. Ki tsallake layin. Lambar dama ita ce wata. Rana tukuna, sannan wata. Ke nan 4/3 yana nufin ranar 4 ga wata na 3, wato Maris.

Mu sake. Ɗora yatsa a hagu: rana. Tsallake layi: wata. To, 3/4 fa? Ranar 3 ga wata na 4, Afrilu. Kin ga lambobin iri ɗaya ne, amma tsakaninsu akwai kwana 30. Wata ɗalibata da ta saba da karatun allo ta faro daga dama, aka rubuta mata 4/3 ta je 3 ga Afrilu, awo guda ya wuce ta. Ba laifinta ba ne, hannunta ne ya saba. Idan ke ma kin yi haka, babu komai, goge ki sake.

Ki ƙirga watannin a yatsu: Janairu 1, Fabrairu 2, Maris 3, Afrilu 4, Mayu 5, Yuni 6, Yuli 7, Agusta 8, Satumba 9, Oktoba 10, Nuwamba 11, Disamba 12. Watan boko ake rubutawa a kati, ba na Musulunci ba. Idan kin ga 9, Satumba ce, ba watan azumi ba.

Aiki: karanta waɗannan da ƙarfi, yatsa a hagu. 6/2. 2/6. 11/5. 5/11. 20/8. A na ƙarshe ba za ki ɓata ba, don babu wata na 20. Rana tukuna, sannan wata. Madalla, kin kama hanya.

Darasi na 3: Magungunan awo

Za a ba ki ƙwayar ƙarin jini, a sha kullum. Bayan gida zai yi baƙi, kada ki tsorata. Kada ki haɗiye ta da shayi, yana hana ta aiki sosai. Bayan ciki ya wuce wata uku za a fara ba ki Fansidar, rigakafin zazzaɓin cizon sauro, ƙwaya uku a gaban malama, da tazarar wata guda tsakanin sha da sha. Akwai kuma allurar rigakafin sarƙe-haƙora. Ki kwana a gidan sauro. Ki ci zogale, alayyahu, wake, ƙwai, kifi.

Yanzu bari in yi faɗa. Na gaji da ganin ƙwayoyin nan a ƙarƙashin katifa. Wai suna sa ɗa ya yi ƙato, haihuwa ta yi wuya. Wa ya gaya muku? Jininki suke ƙarawa, jinin da za ki zubar ranar haihuwa. Haka gidan sauro, an ba ki don ki kwana a ciki, kin je kin kewaye shukar tumatir da shi. Haba, 'yan uwa! Kuma har yau akwai masu zuwa aji ba su san ranar dawowarsu ba, katin yana ƙasan kwalla. Rana tukuna, sannan wata. Sau nawa zan faɗa?

Darasi na 4: Abin da ba a kwana da shi

Tsakanin wata huɗu da biyar za ki fara jin motsi. Ciwon baya, ƙwarnafi da ɗan kumburin ƙafa da yamma duk an saba gani. Amma zubar jini, ciwon kai mai tsanani, gani dishi-dishi, kumburin fuska da hannu, jijjiga, zazzaɓi mai zafi, fashewar faya kafin lokaci, ko ɗa ya rage motsi, waɗannan a tafi asibiti nan take, ko da tsakar dare ne. A nemi izinin maigida tun yau, a ajiye kuɗin mota. Naƙudar da ta wuce awa 12 ma haka, doguwar naƙuda ce ke kawo yoyon fitsari.

Darasi na 5: Kayan haihuwa

Zannuwa masu tsabta, sabulu, kayan jariri, katin awo. Sauran ki tambaya a asibitinku.

Aiki: rubuta ranar dawowarki.