Masauki a birnin Dikko: kurakuran da baƙi suka fi yi wajen zaɓen unguwa da gida

Duk lokacin da Sallah ta ƙarato, ko aka sa ranar wani babban biki, masauki yakan yi wuya a Katsina. Otal-otal su cika, sai hankalin mutane ya koma kan gidajen da ake bayarwa haya na 'yan kwanaki, masu falo da kicin da ɗaki biyu ko uku. Ga mai iyali wannan ya fi otal nesa ba kusa ba: uwargida za ta ɗora tukunyarta, yara su sake, kuɗin abinci ya ragu. Sai dai yawancin masu kama irin waɗannan gidaje daga Kano ko Kaduna ko Abuja suna fara lissafinsu ne daga ɗaki. Su kalli hoton gado da labule da kujeru a WhatsApp, su ce ya yi. Unguwar da gidan yake ba ta ko zo musu a rai ba, alhali ita ce za ta gyara musu tafiyar ko ta ɓata ta.

Kuskuren da ya fi yawa shi ne son a kwana a bakin fada. Wanda ya zo kallon hawa yana ganin in ya sami gida dab da Ƙofar Soro ya gama sa'a, tunda ga Gidan Korau, wato gidan sarki, ga filin Kangiwa, ga Hasumiyar Gobarau ba nisa. A ranar da ba ta taro ba, haka ne. Amma ranar hawa wurin ba ya shiguwa. Hakimai suna shigowa daga gundumominsu da dawakai da makaɗa da 'yan rakiya tun kafin ranar, ana tare hanyoyi, 'yan bindigar sarki suna ta buga bindigogin gargajiya, ƙura ta tashi ta rufe komai. Motar da ka ajiye a ƙofar gida da safe ba za ta motsa ba sai an watse. In akwai jariri, ko tsoho mai hawan jini, ko mai ciki, wannan kwanan wahala ne. Kuma masu gidajen wurin sun san darajar abin da suke riƙe da shi a wannan makon, farashi yakan hau.

Gyaran abin ba wuya. Ka nemi unguwar da za ka iya takowa fada da ƙafa cikin minti ashirin ko talatin, amma ba a kan hanyar da dawakai ke bi ba. Tsohon birnin Katsina ba shi da faɗin da mutum zai kasa ratsa shi. Ƙofofinsa bakwai da aka fi sani, Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya da Ƙofar Marusa da Ƙofar Durɓi da Ƙofar Sauri da Ƙofar Guga da Ƙofar 'Yandaka, su ne ma'aunin da ya kamata baƙo ya riƙe. Kafin ka tambayi kuɗin gida, tambayi wace ƙofa ce ta fi kusa da shi, kuma cikin ganuwa yake ko wajenta. Mai zuwa daga Kano, alal misali, ta ɓangaren Ƙofar Ƙaura zai shigo, don haka gidan da ke wannan shiyyar zai hutar da shi ratsa gari da kaya ranar isowa da ranar komawa.

Akwai kuma masu gudun cunkoso har su wuce gona da iri. Sun ji ana cewa a guji wurin da baƙi suka yi yawa, sai su kama gida can bayan gari, cikin sababbin rukunin gidajen da ake ta ginawa, inda rabin filayen ba a ma sa musu harsashi ba. Gidan kansa ba laifi, sabo fil, tayil har bango. Amma da magariba ta yi sai ka rasa mai kurkura ko ɗan acaɓa, ba mai shayi, ba mai ƙosai, kantin magani sai ka tada mota. Mutum ya baro garinsu don ya ga Katsina, ya ƙare a cikin katangar da ba ta da bambanci da wadda ya baro a Abuja. Ni a ganina wannan asarar ta fi ta wanda ya kwana cikin hayaniya, don shi aƙalla ya ga gari.

Abin da ake nema yana tsakanin biyun: unguwa mai mutane, wadda ke rayuwarta ko da baƙi ko babu su. Alamominta a fili suke. Akwai masallacin da ake cika sahu a sallar asuba. Akwai makarantar allo ko Islamiyya da ake jin karatun yara. Akwai mai waina ko mai koko da safe, akwai dattawan da ke zama a dakali bayan la'asar. Inda aka sami waɗannan, an sami tsaro irin wanda mai gadi ɗaya ba zai bayar ba, don duk baƙuwar fuskar da ta shigo layin an gan ta. A cikin birni irin su Rafindadi da Masanawa da Yarinci suna da wannan kamar, kuma a irinsu ne tarihin garin yake zaune. Masanawa ma sunanta daga Wali Ɗan Masani ta samo shi, malamin ƙarni na 17 wanda har yau ake ambaton sa tare da Wali Ɗan Marina. Wanda kuma yake son hanya mai faɗi da wurin ajiye mota, sai ya duba unguwannin da ke dab da ganuwa ta waje, ko GRA in aljihu ya yarda.

Sai maganar biyan kuɗi a kan hoto. Hoto ba ya nuna warin kwata, ba ya nuna injin niƙan da ke jikin bango, ba ya nuna cewa lungun da za a bi a shiga gidan ba ya ɗaukar mota. Wani lokacin ma hoton ba na gidan ba ne. Kada ka tura kafin alƙalami sai wani naka ya taka ya gani. Da wuya Bahaushe ya rasa kowa a Katsina: abokin karatu, suruki, ɗan ajinku da ke aiki a Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa, ko abokin cinikin kasuwa. Ka roƙe shi ya je sau biyu, da rana da kuma bayan isha'i, don gida fuska biyu gare shi. In ya je, kada ya tsaya a falo yana yaba kujeru. Ya shiga banɗaki ya murɗa famfo ya tsaya ya ga ko ruwan zai ɗore, ya ɗaga kai ya dubi silin ko akwai shatin yoyo, ya taɓa ragar taga ya ga ko sauro zai sami hanya. Sannan ya fito ya sami mai gadi ko mai shagon da ke kusa, su gaisa sosai, ya ce, "Baba, don Allah yaya ruwa a layin nan?" In amsar ta zo da "To, Alhaji, ai 'yan garuwa ba sa yanke mana," ka riga ka ji gaskiyar da dillali bai faɗa ba: famfon ado ne, jarka za ka riƙa saye.

Ruwa da wuta su ne inda aka fi yin kuka, kuma su ne aka fi mantawa a tambaya dalla-dalla. "Akwai ruwa, akwai wuta" ba amsa ba ce. Rijiyar burtsatse ce ko ruwan famfo? In burtsatse ce, da me ake tura ruwan zuwa tanki idan an ɗauke wuta? In an ce akwai sola, me take iya ɗauka? Sau da yawa fitila da fanka da cajin waya ne iyakarta, firiji da na'urar sanyaya ɗaki ba sa ciki. In janareto ne, wa zai sayi mai, kuma ƙarfe nawa ake kashe shi? In mita mai kati ce, da kuɗi a ciki ko kai za ka loda? Wannan ba ƙaramar magana ba ce, musamman da yake shekarun nan sallolin biyu suna faɗowa cikin bazara ko dab da ita. Daga Maris zuwa Mayu zafin Katsina yakan haura digiri 40, kuma ɗakin da ke saman bene ƙarƙashin kwano, ba fanka, ba ya kwantuwa. A nan ne tsohon ginin ƙasa mai kaurin bango da rufin azara yake nuna fifikonsa, don yana riƙe sanyi da rana. Mai zuwa da damina kuma, musamman a watan Agusta, ya tambayi yadda layin yake in an yi ruwa mai ƙarfi. Mai zuwa da hunturu ya taho da bargonsa, ba kowane gida ke ajiyewa ba.

Game da dillali, a yi magana ta ƙare tun farko: nawa ne kuɗin kwana, nawa ne la'adarsa, wa zai biya ta, kuma in tafiyar ta fasa nawa za a mayar. A rubuta, ko da a saƙon waya ne. Wannan na ƙarshen yana da muhimmanci, don an sha dakatar da hawan Sallah, kamar a 2020 lokacin annobar korona, da wasu lokutan saboda tsaro. Ka jira sanarwar masarauta kafin ka biya duka.

Akwai kuskuren da ba na kuɗi ba, kuma shi ya fi damuna. Wasu suna shiga unguwa kamar sun shiga otal. Su iso da dare, su toshe ƙofar maƙwabci da mota, su kunna kiɗa, samari su zauna a waje da gajeren wando, washegari su ɗaga waya suna ɗaukar hoton matan da ke wucewa da zaurukan mutane ba tare da izini ba. Cikin birnin Katsina gidajen mutane ne, wasu iyalan sun gaji kakanni da yawa a wuri ɗaya. Ba a banza ake yi wa garin kirari da ɗakin kara ba, kuma karar nan ana sa ran baƙo ma ya yi ta. Ranar da ka sauka, ka yi salla a masallacin layin, ka tsaya a gaisa da liman da dattawa. In za ka kwana da yawa, ka sa mai gidan ya kai ka wurin mai unguwa ka ce, "Ranka ya daɗe, baƙi ne mu daga Zariya, mun sauka gidan wane, za mu yi kwana biyar." Minti biyar ne, amma daga ranar motarka tana da masu duba ta, yaranka suna da masu nuna musu hanya. Sau da yawa ma a nan za ka sami wanda zai raka ka Gobarau ya ba ka labarin Muhammadu Korau, sarkin Katsina na dā, yadda ya ji daga bakin manya, ko ya kai ka tsohuwar Kwalejin Katsina, wadda aka buɗe a 1922, inda Sardauna Ahmadu Bello da Abubakar Tafawa Ɓalewa suka yi karatu, yanzu kuma ta zama gidan adana kayan tarihi. Ma'aurata su sani cewa wasu masu gidaje sukan nemi shaidar aure, kuma ba cin fuska ba ne. Samari zalla kuwa su faɗi gaskiyar yawansu tun a waya, kada a kama gida da sunan mutum biyu a wayi gari da goma.

Masu niyyar haɗawa da Daura su ma suna da nasu kuskuren, wato ɗaukar ta kamar wata unguwa ce ta Katsina da za a leƙa bayan la'asar. Tsakaninsu kusan kilomita 80 ne. In Rijiyar Kusugu da fadar sarki kawai za ka gani, ka fita da sassafe ka dawo da rana tsaka, masaukinka na Katsina ya wadatar. Amma in Sallar Gani ce ta kawo ka, a watan Maulidi, to ka nemi wurin kwana a Daura tun da wuri, don garin bai kai Katsina yawan masaukai ba, kuma 'yan asalinsa da ke zaune a wasu garuruwa duk gida suke dawowa a lokacin. A can hanyar da ta fi aiki ita ce ta mutane: a tambayi wanda ya san wani mai sashen baƙi a gidansa.

Maganar hanya kuma ba a wasa da ita. Wasu ƙananan hukumomin jihar, musamman na yamma da ke iyaka da dajin Rugu, sun sha fama da 'yan bindiga, kuma halin da ake ciki yana sauyawa. Wannan bai hana zuwa birnin Katsina ko Daura ba, amma ya hana bin duk hanyar da taswirar waya ta ce ta fi gajarta. Ka tambayi direbobin tasha ko mai masaukinka wace hanya ake bi a wannan makon, ka tsara tafiyarka yadda za ka shigo gari da sauran rana. Isowa da hasken rana yana da wata fa'idar ma: za ka ga gidan da idonka kafin ka sauke kaya, in bai yi daidai da abin da aka faɗa maka ba kana da sauran lokacin neman wani, kuma ragowar kuɗin tana aljihunka.