Yadda ake ƙara wa tebur girma ko a rage shi a manhajar Qt

Manhajar da aka rubuta wa kantin magani ko makaranta a Abuja ba a kan allo iri ɗaya take aiki ba. Mai karɓar kuɗi yana amfani da laftop ɗin da aka sayo a Banex mai allon 1366 da 768, akanta yana da ƙaton allo, ranar taro kuma a jona majigi. Mutanen nan sun saba da Excel, inda ake danne Ctrl a murza tayar linzami rubutu ya zuƙo. QTableWidget da QTableView, wato teburan da Qt (kayan aikin gina manhaja) yake bayarwa, ba su zo da wannan ba, sai ka gina da kanka.

Kafin ka fara, duba ko tebur ne kaɗai ya yi ƙanana. Idan duk manhajar ce ta ƙanƙance a kan allo mai kaifi, matsalar ta daidaita allo ce. Qt 6 yana yin wannan da kansa. A Qt 5 kuwa sai ka kunna AA_EnableHighDpiScaling kafin a ƙirƙiri QApplication, don bayan nan ba ya tasiri.

Matakin farko shi ne wanda komai ya rataya a kansa: adana ma'aunin asali. Da zarar tebur ya cika da bayanai, ka ajiye girman harafi, tsayin layi da faɗin kowane ginshiƙi. Sannan ka riƙe lamba guda, ninki, wadda za ta fara daga 1.0. Kowane sabon girma daga asali za a lissafa shi, kada ka taɓa ninka girman da ke kan allo yanzu.

Ga dalili. Faɗin ginshiƙi cikakkiyar lamba ce, ba ya karɓar ɗigo. Ɗauki siririn ginshiƙi mai fiksel 25, ka rage shi sau uku da 0.8 kana yar da abin da ke bayan ɗigo: 20, 16, 12. Ka dawo da shi sau uku da 1.25: 15, 18, 22. Fiksel uku sun salwanta a zagaye ɗaya. Mai kanti da ke murza taya daga safe zuwa yamma zai tarar lambar serial ta koma ɗige-ɗige uku.

Aikin duka a wuri ɗaya ake yin sa, ga shi da Python a cikin ajin teburinka:

```
def saita(self, ninki):
    self.ninki = max(0.5, min(3.0, ninki))
    f = self.font()
    f.setPointSizeF(self.harafi * self.ninki)
    self.setFont(f)
    for i, fadi in enumerate(self.fadi):
        self.setColumnWidth(i, round(fadi * self.ninki))
    self.verticalHeader().setDefaultSectionSize(round(self.tsayi * self.ninki))
```

Iyakar 0.5 zuwa 3.0 ta wadatar. Ƙasa da rabi ba mai iya karantawa. Ka lura setPointSizeF aka kira, mai karɓar ɗigo, don harafi ya riƙa girma a hankali. Idan da fiksel aka saita harafin tun farko, pointSizeF zai ba ka -1, lissafin kuma ya rushe. In akwai ƙananan hotuna a cikin gidajen tebur, ƙara setIconSize a nan.

Sai tayar linzami. A wheelEvent, wato aikin da Qt ke kira idan an murza taya, ka duba ko an danne Ctrl. Kowane ƙas ɗaya na linzami na yau da kullum yana ba da 120 a angleDelta, amma faifan taɓawa na laftop yana turo ƙananan lambobi barkatai. Saboda haka ka riƙa tara su, duk lokacin da suka kai 120 ka ƙara 0.1 a ninki. Bayan nan ka karɓi abin da accept ka fita, kada ka miƙa shi ga uwar ajin, wato ajin Qt da teburinka ya gada, in ba haka ba tebur zai zuƙo kuma ya gangara lokaci guda. Ka haɗa da QKeySequence.ZoomIn da ZoomOut, wato Ctrl da alamar tarawa ko ta ragewa, ka ƙara Ctrl da alamar daidai tun da alamar tarawa tana buƙatar Shift a yawancin kibod, sai Ctrl da 0 don komawa asali.

Akwai abin da ke ɓata wa mai aiki rai ƙwarai: yana kan layi na 840, ya zuƙo, ya rasa inda yake. Kafin ka kira saita, nemi layin da ke sama da rowAt, bayan an gama ka mayar da shi da scrollTo da PositionAtTop.

Idan ka gwada wani abu ya ƙi motsi, yawanci ɗaya ne cikin uku. Girman harafin da aka rubuta a setStyleSheet yana danne setFont, don haka cire shi daga can. Gidan da aka ba harafinsa daban, kamar jimillar kuɗi mai kauri, ba ya bin na tebur, sai an sabunta shi shi ma. Layin da ya ƙi raguwa kuma minimumSectionSize ne ya tare shi, ka saukar da shi.

Mai aiki zai ja ginshiƙi da hannunsa. Kama siginar sectionResized, ka raba sabon faɗin da ninki, ka ajiye a matsayin asali. Siginar tana tashi har lokacin da saita ke aiki, don haka sa tuta, wato alamar i ko a'a, da za ta hana ajiya a lokacin. Guji kiran resizeColumnsToContents a kowane murzawa: yana auna layuka har 1000, kuma yana share faɗin da mutum ya zaɓa. Ninkin kansa ka adana shi da QSettings don gobe a tarar da shi yadda aka bari.

Wasu suna cusa tebur cikin QGraphicsView su kira scale. Yana aiki da 'yan layukan kod kaɗan, har sandunan gangarawa suna girma, amma kanun tebur suna iya ɓacewa daga gani idan aka zuƙo, kuma yana nauyi a tsohuwar na'ura. Ya dace da nuna samfurin abin da za a buga a takarda. Don shigar da bayanai na kullum, hanyar harafi da faɗi ta fi. In dole ka bi hanyar QGraphicsView, kira setTransform da ninkinka, domin scale yana hawa kan wanda ya gabata.