Yadda ake koya wa manya masu buƙata ta musamman girki mai ƙarancin gishiri

Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kada gishirin da babban mutum ke ci a yini ya kai giram 5, wato kusan cikin cokalin shayi ɗaya. Wuce haka na jawo hawan jini, shi kuma yana kai wa ga shanyewar ɓarin jiki da ciwon ƙoda. Wanda kullum sai an dafa an miƙo masa ba shi da iko a kan wannan awo, shi ya sa nake ganin koya masa girki ya fi yi masa wa'azi.

Da farko, tambaye shi abin da yake ci da abin da yake so. Da dafa-duka ko miyar kukar da ya saba za a fara. Kuma babba ne, a yi masa magana irin ta manya.

Na biyu, gyara wurin girkin. Makaho a bambanta masa gwangwanaye da abin da hannu zai gane: na gishiri a ɗaura masa zare, na yaji a bar shi haka, kuma kada a riƙa sauya musu mazauni. Ya fara gwaji da tukunya babu wuta. Mai keken guragu yana buƙatar tebur daidai tsayinsa, kada ya ɗora tukunya mai zafi a cinya. Mai hannu ɗaya a kafa masa ƙusa biyu marasa tsatsa a katakon yanka don su riƙe albasa. Kurma a nuna masa da maganar hannu da hotuna. Mai jinkirin fahimta kuwa, girki ɗaya a maimaita har ya zauna.

Na uku shi ne zuciyar aikin. Da safe ya auna gishirin yini a ƙaramin kofi, ya daina ɗiba da yatsu. Sai a nuna masa inda gishiri ke ɓuya: kusan rabin dunƙulen miya gishiri ne, haka kifin gwangwani, taliyar leda, burodi da yajin tsire duk suna ɗauke da shi. Ita ma kanwa tana da sinadarin sodiyam, kodayake mutane da yawa ba sa lissafa ta. Idan dunƙule ya shiga, a rage gishiri.

Ɗanɗano kuma? Daddawa, albasa, tafarnuwa, citta, masoro, kimba da ɗan lemon tsami suna cike gurbin. A ƙara zogale, alayyahu da wake, a rage mai. A rage gishirin kaɗan-kaɗan, domin cikin 'yan makonni harshe yake sabawa, amma in aka cire shi rana ɗaya za a ture kwanon.

Na huɗu, kada ka karɓe ludayin ko da yana jinkiri. Tsaya kusa saboda wuta, ka bar shi ya gama, ya ɗanɗana da kansa. A jawo mutanen gida cikin darasin, don tukunya ɗaya ake ci. Mai shan maganin hawan jini ya ci gaba da sha, mai ciwon ƙoda kuma ya tambayi likita kafin ya taɓa gishirin da ake sayarwa a madadin na gida.