Babi na 7: Zama da likitan ƙwaƙwalwa kafin tiyatar rage ƙiba

Darasi na 1

Wanda ƙiba ta yi wa yawa har ta jawo masa ciwon suga ko hawan jini, likita kan ba shi shawarar tiyata. A irin wadda aka fi yi, ana yanke kusan kashi 80 cikin 100 na tumbi a cire, kuma abin da aka cire ba ya dawowa. Shi ya sa, ko a Indiya za a yi ko a Masar, asibitoci da yawa kan fara tura mutum wajen likitan ƙwaƙwalwa. Kada ka tsorata, babu wanda ya ce ka haukace. So ake a san ko za ka iya rayuwa da ɗan ƙaramin tumbi.

Darasi na 2: Cike fom

Za a miƙo maka takarda da biro. Kowane layi tambaya ɗaya ce, a gefenta akwai akwatin E da akwatin A'a. In da Turanci aka rubuta, ka ce a karanta maka, ba abin kunya ba ne.

Ɗora yatsa a kan layin. Karanta har ƙarshe. Sannan ka yi alama a akwatin da yake gaskiya. Madalla.

Gwada wannan: "Kana tashi cikin dare ka ci abinci a ɓoye?" In kana yi, alamar E. Ko da ragowar tuwo ne mai sanyi a tukunya, E ce. "Kana ci har ka kasa tsayawa?" In haka ne, E. "Baƙin ciki ya taɓa hana ka barci ko fita?" Sake ɗora yatsa. Karanta. Faɗi gaskiya.

Nan ne kuke ba ni wahala. Sai mutum ya jera A'a tun daga sama har ƙasa don kada a hana shi tiyata. Haba, jama'a! Yawanci amsar E magani take jawowa tukuna, sannan a sa ranar aiki. Wanda ya ɓoye, bayan tiyata amai da ciwon ciki za su tona masa asiri. Ku goge, ku sake.

Darasi na 3

Ka faɗi in kana shan sigari, giya, kodin ko tiramol. Ka tafi da kwalayen magungunanka. Za a tambaye ka wa zai kula da kai a gida, domin makonnin farko abu mai ruwa kawai za ka sha.

Darasi na 4

Bayan tiyata, shan bitamin har ƙarshen rayuwa. Mata, a jinkirta ɗaukar ciki wata 12 zuwa 18 bayan tiyata. Ku kwafe wannan a littafinku.