Matakan kai kare ko kyanwa asibitin dabbobi idan mota ta buge su

Ana yawan tambayar abin da za a yi kafin a isa wurin likita. Ga shi bi da bi.

1. Matsa kusa a hankali, kana magana ƙasa-ƙasa. Zafin ciwo kan sa kare ya ciji ko da mai shi ne.

2. Ɗaure bakin karen da bandeji ko tsumma. Kyanwa kuwa lulluɓe ta da tawul.
Hattara: kada a ɗaure bakin wanda ke amai ko numfashi da ƙyar.

3. Danne inda jini ke zuba da tsumma mai tsabta har minti 5, ba ɗagawa. In ya jiƙe, ɗora wani a kai. Cire na farko yana tayar da gudan jinin da ya fara daskarewa.

4. Duba dasashi. In ya yi fari fat, wataƙila jini na zuba a ciki, sai a hanzarta.

5. Zame karen kan katako ba tare da lanƙwasa baya ba. Kyanwa a sa ta a kwali.

6. Bar karaya yadda take, kada ka ja ƙafar.

7. Kada ka ba shi abinci ko maganin mutane. Nan ake yawan kuskure: farasitamol na kashe kyanwa, ibuprofen kuma na lalata ciki da ƙoda.

8. Kira asibitin kana hanya, su shirya.

9. Kai shi ko da ya miƙe yana tafiya. Raunin huhu da fashewar mafitsara kan ɓuya, wani sa'in sai bayan awa 24 zuwa 48 su bayyana.